Zuwa Ga Dillalan Tsofaffin Kaya Na Tasawa Da Mayahi

Iyayena dillalai masu shiga gida-gida, da ƴan'uwa masu baza tsofaffin kaya ran kasuwa:

Roƙona gare ku, ku rage gaggawar miƙa wa mai sikeli duk abin da ya shigo hannunku. Ɗan gwangwan kilo yake saye. Tasar tagulla da dutsen guga na gawayi da ƙafar keken Singer duk ɗaya suke a idonsa, kuma abin da ya shiga wutar maƙera ba ya dawowa.

Kayan jere su suka fi damuna. Kafin roba da silba su cika gari, darajar ɗakin amarya tana ga kwallaye da fanteka da langa masu furanni, an ɗora su hawa-hawa har kusa da rufi. Daga Hong Kong aka yi ta kawo wasunsu, daga baya masana'antun Kano suka kama yi. Yau jikoki na ganinsu ƙauyanci, ana zuba wa kaji tsaki a ciki. Amma akwai masu nema, galibi waɗanda suka tashi suna ganinsu a ɗakin kaka, kuma irin wannan mai saye ba ya yawan ciniki. Inna, don Allah kada ki raba kwano da murfinsa, kada ki sayar da saiti ɗai-ɗai don kin matsu. Inda fentin ya ɓantare ki bar shi haka. Shafa masa fentin ƙofa kashe shi ne, mai ido zai gane tun daga nesa. Akushi ma a wanke shi kawai, baƙinsa shi ake biya.

Tsofaffin kuɗi kuwa sai da sani. Liyari, azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza, za ku ga 1780 a jikinsa. Kada wannan ya ruɗe ku, kada kuma ku ruɗi wani da shi: a shekarar ta rasu, sai aka ci gaba da buga kuɗin da wannan lamba har zamaninmu. Kwabo mai huji da anini na ƙasashen Ingilishi ne, fatake suka hauro da su, kuma suna da yawa, farashinsu bai kai yadda ake zuzutawa ba. Takardun sefa da bankin BCEAO ya janye a 2004 ba sa sayen ko goro, duk da haka a ajiye su cikin littafi, nesa da gara da laima.

Masu cewa kowane tsohon maɓalli ko kwanson harsashi na sojan Turawan mulkin mallaka Bule da Shanuwan ne, tun ɓarnar 1899 a wajen Maijirgi da Dankori, su ji tsoron Allah. In ba ka da shaida, ka ce ba ka sani ba.

Sai hakkin mai kaya. Tsohuwar da ta fito da kwallar aurenta, yawanci hatsi ne ya ƙare ko magani take nema. Kada a taya mata dala ashirin a je a sayar jika biyar. Ku faɗa mata gaskiyar kasuwa, ku ɗauki la'adarku. Kafin ku fita kuma ku tambaye ta zamanin wane sarki aka yi mata jeren, daga wace kasuwa aka sayo, ku sa yaro ɗan lakwal ya rubuta a takarda a jefa cikin kwanon.

Wassalam.