Filin Ciniki: A Kunna a Gani Kafin a Biya

 

Abin da ya jawo maganar wannan wata a gidanmu ya faru. Wani ƙanenmu, tela a Nima, ya kwashi adashinsa don ya cika wa ɗansa alkawarin akwatin gem, saboda yaron ya ci jarrabawa. Bai kai ga shago ba wani saurayi ya tare shi a bakin hanya da kwali mai hoton PlayStation 5, ya ce kayan hannu ne daga Turai, matsuwa ce ta sa zai karyar. Aka yi ciniki a tsaye. Da aka zo gida aka kunna, sai ga 'yan mitsi-mitsin mutane suna tsalle a talabijin, irin wasan da muka sani tun muna yara. Yaro ya fashe da kuka, uba ya koma da gudu, mai kaya ya yi layar zana. Kun ji cinikin biri a sama.

To, wannan jabu ba yau ya fara ba. A 1983 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da wata na'ura mai suna Famicom. Masu kwaikwayo suka kwafi cikinta, kuma har gobe wannan tsohon cikin suke ɗinka wa sabuwar riga. Manyanmu za su tuna PolyStation: rigarta ta PlayStation ce ta 1994, amma in ka ɗaga murfi, maimakon wurin faifai sai ka tarar da ramin kaset. A 2016 Nintendo ya fito da NES Classic, 'yar ƙarama mai wasa 30 a ciki, ba da jimawa ba masu kama da ita suka cika kasuwa suna kurin wasa 620. Yanzu kuma rigar PS5 suke ari.

Yaya za mu gane ta? Da farko mu karanta suna harafi-harafi, domin da harafi ɗaya ko biyu ake cutar mutum. PolyStation daban, Game Station daban, PlayStation daban. Sa'an nan mu juya na'urar mu duba takardar da ke manne a jikinta. Lambar samfurin PS2 da SCPH take farawa, ta PS3 da CECH, ta PS4 da CUH, ta PS5 kuwa da CFI. In akwai kwali, lambar jikinsa ta dace da ta jikin na'ura.

Bayan haka mu ɗaga ta a hannu. PS5 ta farko, mai cin faifai, ta kai kilo 4 da rabi. Ta ƙanenmu kuwa sakayau take kamar ƙwarya. Mu duba bayanta kuma: PS4 da PS5 da wayar HDMI kaɗai suke kai hoto ga talabijin. Duk wadda aka miƙo muku da tsofaffin wayoyin nan masu kai ja da fari da rawaya, aka ce PS5 ce, ku ajiye ku yi gaba. Haka kwalin da aka rubuta wa wasa 9999. Wasanni ƙalilan ne ake ta maimaitawa da sabon suna.

Wannan jabun mai sauƙi ke nan. Wanda ya fi cin dukiyar jama'a, musamman samarinmu masu cin bashi su buɗe gidan gem a zango, shi ne na'ura ta asali wadda cikinta ya gaji. Tsohuwar PS3 tana da wata cuta: sai ta nuna wuta rawaya ta mutu. Wasu masu gyara sukan gasa cikinta da iska mai zafi, ta farfaɗo, ta yi 'yan makonni, ta sake mutuwa a hannun wanda ya saya. Don haka mu duba hatimin da kamfani ya manna a kan kusoshi. In an yage shi, ko kan kusoshin ya cinye, an taɓa buɗe ta. Buɗewa ba laifi ba ne, ɓoyewa ce laifi. Mai kaya ya faɗi abin da aka gyara, farashi kuma ya sauka.

Kada mu yarda da gwajin minti biyu. A jona ta, a sa faifai na gaske, a yi wasa kamar rabin awa. Mu saurari fankarta, in tana ruri kamar injin niƙa, akwai magana. A haɗa ta da intanet a gabanmu, domin akwai wadda kamfani ya toshe saboda an taɓa manhajarta, ba ta ƙara shiga wasa da mutanen waje. Wadda aka fasa aka cika da wasanni ma a gaya mana gaskiya tun a wurin.

Sai 'yan rakiya. Sau da yawa na'ura ta asali ce, amma hannun da ake latsawa jabu ne: ba nauyi, maɓallansa na ƙara, batirinsa ba ya riƙe caji. A gwada kowane maɓalli. Katin ajiya na PS2 da Sony ya yi kuwa 8MB ne, wanda aka buga wa sunan Sony da 64MB ba nasu ba ne.

Abu na ƙarshe, wutarmu a Ghana 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Tsohuwar PS2 mai kauri da ta fito daga can, in aka jona ta kai tsaye ba tare da na'urar rage wuta ba, ƙonewa za ta yi nan take. A karanta abin da aka rubuta a bayanta tukuna.

Iyaye, kada kunya ta hana mu tafiya da yaro kasuwa. A wannan fanni ɗan shekara goma sha biyu ya fi mu ido, kallo ɗaya zai yi wa talabijin ya ce: "Baba, wannan ba ita ba ce." Mu sayi kaya a shago mai ƙofa, wanda gobe za mu same shi a wurin, a rubuta mana rasit da lambar na'ura da kwanakin da za a iya mayarwa. Duk mai kayan da ya ce ba wuta, ko sauri yake yi, ya riga ya ba mu amsa. Araha dai ba ta ado.

Ƙanenmu ya sake shiga wani adashin, yaro kuma yana jira. Allah ya mayar masa da alheri. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.