Shimi ba a kan allo ake ƙware ta ba

Yau zancen ɗalibbanmu na shimi ne, wato ilimin haɗa sinadarai, a jami'o'in Yamai da Maraɗi.

A labo, cikin ayyukan farko da ake ba ɗalibi akwai haɗa aspirin. Ya haɗa, ya tace, ya busar, ga farin gari. To wa ya ce aspirin ne? Sai ya gwada: in ya narke wajen digiri 135, aiki ya yi, in ya narke ƙasa da haka, akwai datti, sai a sake wanki. Wannan tantancewar ita ce zuciyar sana'ar, kuma da hannu ake koyon ta.

Mu kam mun san tsadar rashin gwaji. A Tibirin Gobir yara sun shekara da shekaru suna shan ruwan pampo mai yawan fulor, har ƙasusuwan da dama suka lanƙwashe. Ga kuma ƙwayoyin magani bisa faranti a kowace kasuwa. Wa zai gaya muna na gaske da na jabu? LANSPEX a Yamai da matatar SORAZ a Damagaram duk masu hannu suke nema.

Shi ya sa nake ganin kuɗin labo ya cancanci a ware shi daban: sinadarai, kwalaben gwaji, wutar da ba ta yankewa, da ma'aikatan gyaran na'ura. Na'urar da ta fi ƙarfin jami'a guda, a yi karo-karo a saya, ɗalibbai su riƙa zuwa bi da bi.

Ku mi kuka gani?