"Babu Wadda Ta Kawo Ƙara," In Ji Manaja

Ya ku 'yan'uwa talakawa, akwai wata magana da masu gidajen aiki suka haddace kamar karatun allo. Ko yaushe aka ta da zancen manyan da ke neman mata ma'aikata da lalata, sai manaja ya gyara zama ya ce, "Mu nan babu wadda ta taɓa kawo ƙara." Da wannan kalma ɗaya ake rufe bakin kowa, a tashi taro.

To, mu tambaye shi, wa za ta kai wa ƙarar? Wanda ya tsare ta a sito shi ne mai rubuta sunayen 'yan aikin gobe. Wanda ya ce ta zo ofis bayan an tashi shi ne mai sa hannu a takardar albashi. An ba kura ajiyar nama, sa'an nan ana cewa ai akuya ba ta yi kuka ba. Matar da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyar, in ta buɗe baki ta rasa aiki, kuma maganar ta riga ta isa unguwa, a ce ita ta kai kanta. Shirun irin wannan mace shirun tsoro ne.

Kada wani ya ce zato muke yi. A Disamban 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da sakamakon tambayar da aka yi wa ma'aikata fiye da 74,000 a ƙasashe 121. Fiye da mutum ɗaya cikin biyar ya ce an taɓa cin zarafinsa a wurin aiki, da duka ko zagi ko neman lalata. Waɗanda neman lalata ya shafa, lissafinsu ya kai wajen miliyan 205 a duniya. Kusan rabin waɗanda aka ci zarafinsu ba su taɓa faɗa wa kowa ba, kuma manyan dalilansu biyu ne: sun ga ɓata lokaci ne, kuma suna tsoron zubewar mutunci. A Amurka ma, inda lauyoyi suka yi yawa, hukumar da ke duba haƙƙin ma'aikata ta bayyana a 2016 cewa wajen uku cikin huɗu na waɗanda aka yi wa haka ba su taɓa gaya wa shugaba ko wakilin ƙungiya ba. In haka abin yake can, yaya ga yarinyar kanti wadda ko takardar ɗaukar aiki ba ta da ita?

Maganin da muke kira a kai ba baƙo ba ne ga talakan ƙasar nan. Dattawanmu suna tune da cewa kafin 1959 zaɓe a yawancin Arewa hawa-hawa ake yi, talaka yana nuna wanda yake so idon dagaci na kansa. Lokacin nan ma cewa ake yi kowa ya yarda, babu mai ƙorafi. Ƙuri'ar asiri ita ta ba mai rauni baki. Matan Arewa kuwa ba su sami tasu ba sai 1976, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kai. To, abin da muke nema a gidajen aiki ɗan'uwan ƙuri'ar nan ne, watau a riƙa tambayar kowane ma'aikaci a asirce, babu suna, a ƙidaya amsoshi, a faɗa wa jama'a abin da aka samu.

Amma tambayar tana da ƙa'ida, in ba haka ba ta zama wasan yara.

Na farko, kada a ce wa mace, "An taɓa cin zarafinki?" Da yawa za su ce a'a, don sun saba da abin har sun ɗauka halin maza ne. A tambaye ta filla-filla: an taɓa taɓa jikinki ba da yardarki ba? An taɓa cewa sai kin yarda za a ba ki aiki, ko ƙarin girma, ko a biya ki haƙƙinki? Ana aiko miki da maganganun batsa ta waya? Hukumar nan ta Amurka ta nuna cewa in an yi tambaya a dunƙule, mace ɗaya cikin huɗu ke cewa e, amma in an lissafa ayyukan ɗaya bayan ɗaya, sai adadin ya hau zuwa wajen 40 cikin 100.

Na biyu, kada manaja ko yaronsa ya raba takarda ko ya karɓa. Sai wani na waje, tare da wakilan ma'aikata. Wadda ba ta karatun boko a karanta mata da Hausa, kuma mace ce za ta karanta mata, a keɓe.

Na uku, a tambayi wuri da lokaci: sito ne, ko aikin dare, ko wurin biyan kuɗi, ko ranar neman aiki? Da wannan ake gane inda rufi yake yoyo, a ƙara fitila, a hana mutum ɗaya riƙe ɗauka da kora shi kaɗai. A tambayi maza su ma, don sun ga abin da suka gani, kuma akwai yara maza masu koyon sana'a da abin ke shafa.

Na huɗu, a karanta sakamakon a gaban ma'aikata, a faɗi gyaran da za a yi, kuma a sake tambaya baɗi a gani ko an gyara. Ƙasar Ostareliya tun 2003 take irin wannan tambaya a ƙasa baki ɗaya, tana maimaitawa, har a 2022 ta yi dokar da ta ɗora wa mai gidan aiki nauyin hana ɓarna tun kafin ta auku.

In mutane sun ƙi amsawa, wannan ma amsa ce. A 2018 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi ma'aikatanta. Kashi 17 cikin 100 kaɗai suka amsa, kuma cikin masu amsawar ɗaya cikin uku ya ce abin ya same shi a shekara biyun da suka wuce. Gidan da ke yi wa duniya wa'azi ke nan.

Mun san abin da 'yan barandan masu kuɗi za su ce. Za su ce ƙazafi ne da tonon asiri. Takardar nan ba ta kiran sunan kowa, ƙidaya take yi, kuma mai laifi kaɗai ke tsoron ƙidaya. Za su ce mace ta zauna gida. To, wa ke share asibiti, wa ke karɓar haihuwar matansu, wa ke tsintar riɗin da suke fitarwa ƙasashen waje? Sun ci guminta, sa'an nan su ce laifinta ne da ta fito. Za su ce al'adar Turawa ce. Wace al'ada ce tamu, wane addini ne, ya halatta wa mai gida ya sayi mutuncin marainiya da kuɗin aikin yini ɗaya?

Gwamnati kuwa ba ta da wurin ɓuya. A 2019 aka zartar da Yarjejeniya mai lamba 190 a Janiba, kuma a Nuwamban 2022 Nijeriya ta amince da ita. Yarjejeniyar ta haɗa da mai neman aiki da mai koyon sana'a da wanda ke aiki a kasuwa babu takarda, kuma ta ce masu gidan aiki su binciki inda haɗari yake tare da ma'aikatansu. Ku tsayar da mai shara a sakatariyar ƙaramar hukumarku, ku tambaye ta ko an taɓa yi mata wannan tambaya. An sa hannu a can sama, an ɗauki hoto, takarda ta shige durowa.

Ku kuma 'yan kasuwa, maganar nan taku ce. A rumfar da mata uku ke aiki babu asiri, nan da nan za a gane wadda ta yi magana. Saboda haka ƙungiyar kasuwa ce za ta ɗauki aikin, a haɗa amsoshin layi guda ko kasuwa guda, ko Kantin Kwari ne ko Sabon Gari ko Dawanau, haka kuma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa ta hannun ƙungiyoyin ƙwadago. Kuɗin da ake tarawa na mai gadi da shara bai fi mutuncin 'ya'yan mutane ba. Yarinyar da ke tsaron kantin wani yau, gobe 'yarka ce a kantin wani.

Muna kira ga kowane reshe na jam'iyya, musamman sashen mata, ya sa wannan magana a taronsa na wannan mako, ya zaɓi mata biyu amintattu masu karatu, ya kai buƙatar a rubuce ga shugabannin kasuwa da na ƙwadago. Duk mai gidan da ya ce gidansa tsaf yake, to, ya bari a tambaya. Wanda ya hana, jama'a sun ji amsarsa.