Filin Fenway: Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa kyan filin wasa yana ga sabuntarsa, wato da zarar gini ya tsufa babu abin da ya cancance shi sai rusau. Ni kuwa, 'yan'uwana ɗalibai, ra'ayina ya sha bamban, hujjata kuma tana birnin Boston na ƙasar Amurka, a wani tsohon fili mai suna Fenway Park, gidan ƙungiyar Red Sox ta wasan besbol. An buɗe shi ran 20 ga Afrilu 1912, kuma babu wanda ya kai shi tsufa cikin filayen ƙungiyoyi 30 na babbar gasar Amurka da Kanada. Allah ya nufe ni da kallon wasa a cikinsa, abin da na fahimta kuwa shi ne, darajar fili tana ga amanar da ke tsakaninsa da mutanen garinsa.

Bari mu fara da wasan kansa, domin ba kowa ya san shi ba. Kowace ƙungiya tana da 'yan wasa 9 a fage. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, ɗan ɗaya ɓangaren ya yi ƙoƙarin make ta da kulki, sa'an nan ya sheƙa da gudu yana neman zagaye tashoshi 4 kafin a riske shi. In ya zagayo, ƙungiyarsa ta ci ɗaya. Ana yin zango 9, a kowane zango kowace ƙungiya tana ta bugu har sai an fid da mutanenta 3. Da can babu agogon da ke matsa wa kowa, har a 2022 matsakaicin wasa ya kai awa 3 da minti 4. A 2023 aka kafa dokar ƙayyade wa mai jifa 'yan daƙiƙoƙi, tsawon wasa ya sauko zuwa kimanin awa 2 da minti 40. Duk da haka wasa ne na masu haƙuri, kuma wanda ya saba da guje-gujen ƙwallon ƙafa zai yi tsammanin an zo hira ne.

To, a wannan sassaucin ne hikimar take. Tun da yake kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a shekara, 81 daga ciki a gida, filin ya zama tamkar dandalin unguwa. Sai ka ga dattijo da jikansa suna rubuta sakamakon kowane bugu da fensir, ga masu talla suna hawa suna sauka da gyaɗa da burodin nama, a tsakiyar zango na 7 kuma kowa ya miƙe ya yi miƙa, a rera waƙa baki ɗaya. Filin ƙarami ne, ba ya ɗaukar fiye da mutum 38,000, saboda haka ƙarar kulki tana isa kunnen mai kallo sarai. A hagun fage akwai wani koren bango mai tsawon ƙafa 37, wanda suke yi wa laƙabi da Koren Dodo, a gindinsa kuma allon sakamako ne wanda har yau ma'aikata ke sauya lambobinsa da hannu daga ciki. Can dama, cikin dubban korayen kujeru, akwai ja guda ɗaya tak, alamar inda ƙwallon Ted Williams ta sauka a 1946 bayan ta yi tafiyar ƙafa 502. Uba yakan nuna wa ɗansa ita kamar yadda nasa uban ya nuna masa.

Kada mai karatu ya zaci tarihin nan duk abin alfahari ne. A 1945 an gwada Jackie Robinson a wannan fili, aka sallame shi ba tare da an ɗauke shi ba, alhali kuwa shi ne ya karya shingen wariyar launin fata a gasar a 1947 tare da ƙungiyar Brooklyn. Red Sox ce ta ƙarshe da ta sa baƙar fata a wasa, sai a 1959 ta fara sa Pumpsie Green a fage. Yau lambar Robinson, 42, tana rataye a Fenway cikin lambobin girmamawa, kuma a 2018 aka cire sunan tsohon mai ƙungiyar, Tom Yawkey, daga titin da ke ƙofar filin saboda wannan tabo. A ganina wannan ma hujja ce ta barin tsohon gini a tsaye, domin wurin da aka yi laifi shi ya fi dacewa ya zama wurin tunawa da shi.

Masu sukar filin suna da nasu dalilai, ba kuwa na banza ba ne. Akwai kujerun katako ƙuntatattu da aka kafa tun 1934, akwai ginshiƙan ƙarfe da ke kare wa waɗansu 'yan kallo ganin wani sashen fage. Saboda irin wannan ne a 1999 masu ƙungiyar na wancan lokaci suka fito da shirin gina sabo. Mazauna gari suka ƙi, sa'an nan waɗanda suka sayi ƙungiyar a 2002, ƙarƙashin John Henry, suka zaɓi gyara maimakon rusau, har suka ɗora kujeru a kan Koren Dodo a 2003. A 2004 kuma, bayan shekara 86 ana jira, Red Sox ta ci kofi, mutane suka yi murna a filin da kakanninsu suka ga nasarar 1918.

Wanda ke son sanin muhimmancin wannan zaɓi ya dubi birnin Oakland na jihar Kalifoniya. Ƙungiyar Athletics ta zauna can tun 1968, ta ci kofi a 1972, 1973, 1974 da 1989. Amma da aka kasa daidaitawa a kan sabon fili, mai ƙungiyar, John Fisher, ya juya ga Las Vegas, inda majalisar jihar Nevada ta amince a 2023 da ba da dala miliyan 380 daga dukiyar jama'a don ginin. Magoya baya suka yi zanga-zanga, suka roƙe shi ya sayar da ƙungiyar, ya toshe kunne. Ran 26 ga Satumba 2024 aka buga wasan ƙarshe a Oakland gaban mutum fiye da 46,000, waɗansu suna hawaye, waɗansu suna roƙon ma'aikata su ɗebo musu ƙasar fage su tafi da ita gida. Shekara 57 na biyayya ba su hana a kwashe kaya ba da aka hango riba a wani wuri.

Amma fa Boston ma ba ta tsira ba tukuna. Tikitin Fenway ya daɗe yana cikin mafi tsada a gasar, abinci a ciki kuma ya ninka na waje. Leburan da kakansa ya riƙa shiga da 'yan canjin aljihu, yau sai ya yi lissafi mai tsawo kafin ya kai iyalinsa. Idan aka adana bango da jar kujera, aka bar farashi ya kori jikokin waɗanda suka ba su ma'ana, an yi tufka da warwara ke nan, fili zai koma gidan tarihin baƙi da attajirai.

Saboda haka hukuncina shi ne Fenway ya ci jarrabawa, amma da gargaɗi. Mu da muke karatun zanen gine-gine, tattalin arziki da mulki, gobe za a kawo mana takardun rusau da na kwangila mu sa hannu. Ya kamata kafin mu ɗauki alƙalami mu tambayi wa zai biya kuɗin ginin, wa kuma zai iya shiga bayan an gama. Allah ya sa mu zama masu riƙon amanar jama'a, amin.