Kafin mu nemi ragi, a kunna mu ji

Daga Magarya har Dungas, lasifika ta zama kayan sana'a. Mai tallar atamfa tana son ƙarama wadda za ta riƙa maimaita mata kira, ƙungiyoyin mata kuma suna zuba adashi don su sayi manya biyu da amfilifaya, su riƙa ba da haya ranar suna ko biki. Tarin wata da watanni ake ɗauka a kai kanti, shi ya sa muka ga ba za mu yi shiru ba.

Mun san yadda cinikin yake tafiya. A taya, mai kanti ya ce albarka, a ja, a ja, ya rage jika goma ya sallama, a fita da murna. Amma me aka saya? Sunan JBL ko Yamaha da ke manne a jikin akwati ba shaida ba ce, don jabun waɗannan kaya sun cika kasuwanni. Mu da muke wuni gaban makirfo mun san wata dabara: lambar nan mai girma da ake rubuta PMPO kusa da ita, wat 3000 ko 5000, ado ce kawai. Wadda aka rubuta RMS ita ce ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa ba ta ƙone ba, kuma ba ta ko kusa da waccan. Duk wanda ya biya kuɗin wat 5000 ya tafi da 200, ko an rage masa rabi an cuce shi.

Don haka a fara da gwaji. A ɗaga murya sosai, a bar ta minti goma sha biyar, a taɓa bayan amfilifaya a ji zafinta. In ganga ta fara karkarwa, a bar masa kayansa.

Sai batun canji. Yawancin kayan nan daga Kano suke shigo mana, ta Tinkim ko ta Maigatari, da naira aka saro su. Kafin Yunin 2023 dalar Amurka a hukumance tana wajen naira 460, a Fabrairun 2024 ta haura 1500, alhali sefa tana nan ɗaure da yuro. Mai kanti zai ce shi ma a Kano an ƙara masa, ga duwan, ga kuɗin mota. Gaskiyarsa. Amma ya faɗi kuɗin da naira, mu juya da canjin ranar da kanmu, kada ya yanka farashi kuma ya yanka canji. Haka nan a daina kafa hujja da rufe iyaka na 2023, tunda an buɗe ta a Maris 2024.

In ya ƙi sauka, a nemi ragin ta wata ƙofa: waya mai kauri, makirfo na biyu, ko na'urar daidaita wuta, don hawa da saukar kuran ba ƙaramar ɓarna suke yi wa amfilifaya ba. Mata uku ko huɗu su je tare su saya a rana ɗaya, bakinsu zai fi nauyi.

Ku kuma masu kanti, ƴan uwanmu ne ku. Muna roƙon ku ba da rasit mai ɗauke da sunan kaya, da lambar RMS, da kwanakin da za a iya maido su in sun lalace. Wanda ya ƙi rubutawa, Hajiya, ki mayar da kuɗin ƙungiya cikin lalita.