A Tambaye Mu Kafin a Kafa Shinge



Tashoshin wutar rana sun shigo Nijar. An buɗe ta Malbaza a 2018, mai megawat 7, sannan ta Goru Banda kusa da Yamai a 2023, mai megawat 30. Ba mu ƙi wuta ba, mu ma muna son firji na ajiyar nono da allurar dabbobi.

Damuwarmu fili ce. Megawat ɗaya kan ci hekta ɗaya zuwa biyu, kuma ana kewaye wurin da waya. Hayar irin wannan fili takan kai shekara 20 ko fiye. Mai awo ya zo da damina, lokacin muna arewa, ya ga daji ba gona ba bukka, sai ya rubuta cewa ba mai shi. Mu dawo da kaka mu tarar da waya ta yanke burtali, rijiya tana can ciki. Wa za mu kai ƙara a lokacin?

Dokar kiwo ta 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙinmu ne, ta kuma hana wani ya mallake filin kiwo shi kaɗai. To, kwamitin kula da filaye, wato Kofo, ya kira ardo da ruga kafin a sa hannu. A sa burtali da mashaya cikin takardar haya.

A Faransa tumaki na kiwo ƙarƙashin allunan, suna cinye ciyawa. Awaki kam ba a yarda da su, don hawa suke. Mu nemi a rubuta wa tumakinmu wannan izini tun farko.