Ciwon Firgita: Idan Gida Ya Zama Kurkuku

A zangon karatun da ya gabata wata ɗalibata mai hazaƙa ta daina zuwa lacca. Bayan makonni sai ga ta a ofishina tare da yayanta, ta ba ni labari. Wata rana tana zaune a babban ɗakin lacca sai zuciyarta ta kama dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto mata, har ta sakankance ajali ne ya zo. Bayan 'yan mintoci abin ya lafa. A asibiti aka auna zuciya da jini, aka ce lafiyarta ƙalau. A gida kuwa aka ce iska ce. Tun daga ranar ta ƙaurace wa aji, sannan Adaidaita Sahu, sannan kasuwa, har ta kai ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da rakiya.

Wannan lalura masana sun daɗe da saninta. Farmakin tsoro da ke zuwa bagatatan, yana maimaituwa, shi ne ciwon firgita. Guje wa wuraren da mutum ke ganin ba zai samu mafita ko agaji ba idan abin ya taso shi ake kira agorafobiya, sunan da likitan Jamus Carl Westphal ya raɗa a 1871 daga kalmar Girkanci mai nufin dandalin kasuwa.

A 1986 masanin halayyar ɗan'adam na Ingila, David Clark, ya bayyana yadda tarkon yake. Mutum ya ji zuciyarsa ta buga da sauri, watakila don ya hau bene ko ya sha kofi. Sai ya fassara bugun da cewa zuciyar ce za ta tsaya. Fassarar ta tsorata shi, jiki ya saki sinadarin adirenalin, bugun ya ƙaru, numfashi ya yi sauri har ya jawo jiri, shi kuma ya ɗauki jirin a matsayin shaidar cewa mutuwar ta ƙaraso. Wato tsoro ne ke ciyar da kansa. Idan ya tsere daga wurin ya samu sauƙi, sai ya ɗauka gudun ne ya cece shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Muddin kuwa yana gudu, ba zai taɓa gane tsumma ba ne.

Maganin da bincike ya tabbatar da amfaninsa shi ne gyaran tunani da ɗabi'a, wanda ake taƙaitawa da CBT. Matsalar ita ce ƙwararrunsa kaɗan ne. Don haka a 2008 Ingila ta ƙaddamar da shirin IAPT, bisa fafutukar Clark da masanin tattalin arziki Richard Layard, aka tsara jinyar hawa-hawa. Wanda ciwonsa bai tsananta ba yakan fara da sassauƙan mataki: ɗan littafin aiki a hannunsa, da ma'aikacin da aka horar na kimanin shekara guda, su riƙa ganawa ta kusan rabin sa'a, ido da ido ko ta waya, sau shida zuwa takwas. Wanda bai samu sauƙi ba sai a miƙa shi ga ƙwararre.

Bayan likita ya tabbatar babu ciwon zuciya, asma ko matsalar maƙoƙo, sai a fahimtar da majinyaci cewa farmakin yana da azaba amma ba ya kisa, kuma yakan kai ƙololuwa cikin mintoci ya sauka da kansa. Ana sa shi ya rubuta kowane farmaki da tunanin da ya zo masa. Ana sa shi ya jawo alamun da gangan, kamar ya yi numfashi da sauri na minti guda, don ya gani da kansa cewa jiri ba mutuwa ba ne. Sannan ya jera wuraren da yake tsoro daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya tunkare su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya har tsoron ya ragu.

Mu ne muka fi Ingila buƙatar wannan tsari. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, asibitocin Barnawa, Kware, Dawanau da Maiduguri kuma ba za su ɗauke nauyin Arewa duka ba. Amma muna da ma'aikatan lafiya a matakin farko a kowace ƙaramar hukuma. A Zimbabuwe Dokta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna jinyar damuwa a kan benci a harabar asibiti, kuma abin ya yi aiki. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, saura aiki. Ina kira ga ma'aikatun lafiya na jihohi da jami'o'inmu su samar da littafin aikin da Hausa, da boko da ajami da murya, su horar da masu bibiya.

Iyalai ma suna da nasu. Matar da ta daina zuwa biki da asibiti mukan yaba mata da kamun kai, alhali wata tsoro ne ya ɗaure ta. Addu'a ba ta karo da neman magani. Sayen diyazafam a kemis kuwa ba mafita ba ne, sabo yake jawowa.

Ɗalibata ta samu mai jinyarta, ta kuma koma aji. Da farko bakin ƙofa take zama. A makon jiya a tsakiyar ɗaki na hango ta. Sannu ba ta hana zuwa. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.